Ƙwayar Ranar Juma'a

Ku da kuke zuwa koyon aiki yanzu, abin da idonku ke gani shi ne kanta da fanka da dattijo a zaune. Jiya na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa a waya wai aikin kemis ba wani abu ba ne, ka karanta rubutun likita, ka miƙa hannu ka sauko da kwali, shi ke nan. To madalla. Tunda babu mai saye yanzu, ku jawo benci ku zauna in gaya muku abin da yake bayan miƙa hannun.

Sunana Kyari, ko da yake duk Azare Dispensa ake ce mini. Kakana ne ya taso daga Barno ya zauna a nan. Aikin nan a wani ɗan asibitin karkara na koye shi, can wajen Itas, a hannun wani dattijo da muke kira Baba Modu. Watannin farko ko ƙwaya bai bar ni na taɓa ba. Wankin kwalabe nake yi, da naɗe ambulan daga tsohuwar takarda, da goge farantin ƙirga ƙwaya da ɗan cokalinsa mai faɗi. Sai da hannuna ya saba, sannan ya koya mini zana ƙawanya a bayan ambulan saboda wanda bai iya boko ba, ɗaya ta safe, ɗaya ta rana, ɗaya ta dare. Mutum ne marar yawan magana, amma akwai tambaya guda da ba ya barin kowa ya bar tagarsa bai amsa ta ba. Zai riƙe ambulan ɗin a hannu, mai magani ya miƙo nasa hannun, shi kuma ya ƙi saki, ya ce, "Da me za ka sha shi?"

A lokacin ina ganin ɓata lokaci ne, ga layi har bakin ƙofa. Sai da na ji amsoshin mutane. Wannan ya ce da kunun kanwa, wancan ya ce da shayi mai kauri, wata ta ce ita dakawa take yi ta zuba a miya kowa ya samu. A nan na gane rabin aikin magani ba a cikin kwali yake ba, yana can a gidan mai shansa.

Aikin da na fi tunawa shi ne na Alhaji Sale, dillalin shanu a kara. Bafulatani ne dogo, siriri, mai faɗa da baki, kuma kun san tsakaninmu Barebari da Fulani akwai wasa, don haka tun muna samari ni ina ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa. Wata rana ya shigo shagon nan yana ta masifa da telansa, wai ya lalata masa babbar riga, ya yi mata tsawo har tana jan ƙasa. Na dubi rigar. Tsohuwa ce, na san ta a jikinsa shekara da shekaru. Na ce, "Alhaji, riga ba ta girma a cikin akwati. Kai ne kake raguwa."

Ya ce, "Babarbare, in ba ka da abin faɗa ka ba ni man zafi in tafi."

Na ba shi man zafi. Ba a jima ba aka ce mini Alhaji Sale ya sunkuya ɗaukar buta, bayansa ya ce ƙas, ya kasa miƙewa. Ba faɗuwa ya yi ba, ba sa ne ya tunkuye shi ba, buta ce kawai ta alwala. 'Ya'yansa suka kai shi babban asibiti, aka yi masa hoto, likita ya tura shi Kano inda ake da injin auna ƙarfin ƙashi. Da suka dawo aka ce ƙashinsa ya rarake ta ciki, kamar azarar da gara ta ci, waje lafiya lau, ciki fanko. Guda daga cikin ƙasusuwan gadon bayansa ya lotsa, shi ya sa tsawonsa ya ragu.

Dalilin ma ba a sha wuyar gano shi ba. Alhaji ya daɗe yana shan haɗin nan na sanyi da masu talla ke ƙullawa a leda suna yawo da shi ranar kasuwa. A cikinsa akwai wata 'yar ƙwaya fara mai kashe ciwon gaɓoɓi nan take, ta sa mutum cin abinci, kumatunsa su ciko, mutane su ce ya yi kyau. Ita ce take cin ƙashi a hankali. Mu a nan duk ciwon da ya shafi ƙashi sanyi muke ce masa, don haka babu wanda ya taɓa tsammanin maganin sanyin ne ke kawo ɓarnar. Likita ya raba shi da ita sannu a hankali, domin ba a yanke ta rana ɗaya, sannan ya rubuta masa ƙwayar ƙarfafa ƙashi da ake sha sau ɗaya a mako, da wasu ƙwayoyin gina ƙashi na kullum.

Ranar da ya zo karɓa, na sauko da kwalin na ajiye a kan kanta. Ya ɗauka ya juya shi. A jikinsa akwai hoton wata tsohuwar Baturiya mai furfura tana murmushi. Ya ajiye shi a hankali kamar ya taɓa abin da bai kamata ba.

"Wannan ai na mata ne."

"Na ƙashi ne, Alhaji."

"Ɗana ya karanta mini irinsa a waya. Wai na matan da suka daina al'ada ne. Ni za ka ba wannan? In 'yan kara suka ji, ina zan sa kaina?"

Wani zai ce in cire ƙwayar daga kwali in zuba masa a ambulan, magana ta ƙare. Ba na yin haka. Mutumin da ka ɓoye wa abu, ranar da ya gano zai watsar da maganin ya watsar da kai. Na gaya masa abin da likitansa ya gaya mini da na kira shi. Gaskiya ne cutar ta fi yawa a mata, gaskiya ne saboda su aka fara yin maganin. Amma an gwada shi a kan maza, an ga ƙashinsu na ƙara ƙarfi, an ga karayar gadon baya na raguwa. Game da karayar ƙugu kuwa, likitan ya ce abin da aka sani a kan maza bai kai na mata yawa ba, sai dai ana kyautata zato. Na ƙara masa da cewa maganin ba ya kashe ciwo, ba ya dawo da tsawon da ya tafi, kuma ba zai ji komai a jikinsa ba.

Ya ce, "To mene ne amfaninsa?"

Na ce, "Amfaninsa kada wani ƙashin ya sake lotsawa."

Ya sake juya kwalin. Na ce, "Kuma ƙwaya ba ta duba wando ko zane kafin ta shiga ciki. In ta duba ma, Bafulatani da Baturiya ai duk jar fata ne." Ya zage ni zagi mai kyau, ya sa kwalin can cikin aljihun 'yar ciki ya fita.

Ita wannan ƙwaya tana da sharaɗi, ku riƙe shi. Ana shan ta da safe ciki babu komai, da ruwa zalla cike da kofi, a haɗiye ta ɗungum. Bayan nan sai mutum ya yi rabin awa bai ci komai ba, bai kuma kwanta ba, domin in ta maƙale ko ta dawo sama tana ƙona hanyar abinci. Na gaya wa Alhaji maganar abinci da ta kwanciya, ya maimaita mini daidai. Muka zaɓi Juma'a saboda rana ce da ba ta ɓace wa kowa.

Bayan 'yan makonni ya dawo yana dafe da ƙirji. Ya wurgo mini sauran ƙwayar a kan kanta, ya ce maganin matan nan zai kashe shi, ƙwannafi ya hana shi sakat, maƙogwaronsa kamar an zuba barkono. Na tambaye shi ko ya kwanta bayan ya sha, ya ce bai kwanta ba. Ko ya ci abinci, ya ce bai ci ba. Na ce to ya ba ni labarin safiyar Juma'arsa tun daga buɗe ido.

Ya ce yana tashi sai ya sha ƙwayar, tunda an ce ciki babu komai. Sai ya yi alwala, ya yi raka'o'in fijir, ya wuce masallaci a yi asuba.

Kun gani? Takardar da ke cikin kwalin ta ce kada a kwanta, kuma bai kwanta ba. Ruku'u ya yi da sujada, kai a ƙasa, ƙwaya a ƙirji. Wanda ya rubuta takardar nan bai san cewa akwai garin da abin da namiji ke fara yi da safe shi ne kai goshinsa ƙasa ba. Ina tsaye a wurin sai tambayar Baba Modu ta faɗo mini. Na ce, "Alhaji, da me kake shan ta?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan ubansa. "Da nono mana. Likita da bakinsa ya ce ƙashi na son nono."

Nono kuwa shi ne babban abokin gabar wannan ƙwaya. In suka haɗu a ciki sai ya ɗaure ta, ta fita yadda ta shiga. Ga shi a wurin Alhaji nono ba abinci ba ne, abin sha ne, shi ya sa da na ce ko ya ci abinci ya ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Ke nan duk makonnin nan ƙunar ƙirjin kawai yake samu, ƙashin bai samu komai ba.

Muka koma wurin likita ya duba maƙogwaron, ya ba shi hutu daga ƙwayar har ya warke. Sannan muka zauna muka shirya safiyar Juma'ar daga farko. Zai je masallaci ya yi sallarsa cikakkiya. In ya dawo, ya sha ƙwayar da ruwa cike da moɗa, ya zauna a kan kujera a zaure, ba a kan tabarma ba, ya ɗauki carbinsa ya yi lazimi har rana ta fito. Daga nan a kawo masa furarsa da nono ya sha har ya ƙoshi. Sauran ƙwayoyin kuma sai bayan abincin dare. Wannan ya yi masa daidai, domin dama yana son zaman bayan asuba, kasuwa ce ke hana shi. Tela ya rage masa tsawon rigunansa. Ƙwannafi ya tafi. Duk ƙarshen wata zai zo ya ce, "Bawana, ba ni maganin matan nan," in miƙa masa.

Sai muguwar shekara ta zo. Ku ba ku san ta a shago ba, kuna makaranta. Kaya suka yi tashin da ba mu taɓa gani ba, masu kawo mana magani daga Kano suka daina zuwa, in ka je da kanka ka tarar da rabin abin da kake nema babu. Kantar nan da kuke gani cike, da kwalayen wofi na jera ta don kada mai shigowa ya tsorata. Masu hawan jini suka koma shan rabin ƙwaya, masu ciwon suga suka koma ganye. A lokacin ne jabu ya cika gari. Wani saurayi mai jaka ya kawo mini ƙwayar Alhaji da araha, kwali iri ɗaya, Baturiyar ma tana nan da murmushinta. Na goga babban yatsa a kan rubutun ranar lalacewa, tawadar ta biyo yatsana. Na mayar masa da kayansa. Maganin ciwon kai in jabu ne, kafin la'asar mai shi zai dawo ya yi maka rashin mutunci. Wannan kuwa ko alli aka dunƙula, babu mai ganewa sai ranar da ƙashi ya karye. Shi ya sa ya fi kowane magani daɗin yi wa jabu.

Alhaji ya yi makonni babu ƙwaya. Na kira likita, ya ce kada a tayar da hankali, irin wannan magani yana zama a cikin ƙashi ya daɗe yana aiki, in an samu sai a ci gaba. Daga baya wani abokin sana'ata a Misau ya samo mini na gaske. Amma ranar da Alhaji ya zo karɓa, ina ganin fuskarsa na san akwai magana.

Na ce, "Alhaji, kumatun nan ba na fura ba ne."

Bai musa ba. Ya ce damina ta sa bayansa ciwo, ya koma wa haɗin leda. Ya ce, "Ka ga, Dispensa, wancan in na sha da safe, kafin hantsi na ji shi a jikina. Naka kuwa tunda na fara ban taɓa jin ko motsinsa ba. Kai da kanka ka ce ba zan ji ba. To ta yaya mutum zai san ba ruwa yake sha ba?"

Na ce ba zai sani ba, ni ma ba zan sani ba, sai dai in an koma Kano an sake aunawa. Na ce abin da na sani shi ne ɗaya na gini, ɗaya na rushewa, kuma mai rushewar ya fi sauri.

Ya zauna a kan bencin nan da kuke kai. Can ya ce mahaifinsa a ruga santsi ya ɗauke shi a bakin rijiya, ƙugunsa ya karye. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙashin ya ƙi kamawa. Mutumin da yake bin shanu tun daga nan har bakin kogi ya koma kan tabarma, sai an juya shi, sai an ɗauke masa, har bayansa ya yi gyambo. Alhaji ne yake juya shin. Ya ce, "Ni ba mutuwa nake tsoro ba, Kyari. Kwanciya nake tsoro. Ba na son 'ya'yana su juya ni."

Tunda muke bai taɓa kiran sunana ba sai ran nan. Ya zaro ƙullin ledar daga aljihu ya ajiye a kan kanta. Na ce kada ya yanke da kansa, ya koma wurin likita a sake janye shi a hankali, a kuma ba shi abin rage ciwon da ba ya cin ƙashi. Ya koma. Ya sha wuya a watannin nan, ya rame, faɗansa ya ƙaru, 'yan kara suka ce ba a iya ciniki da shi. Amma Juma'a ba ta wuce shi.

Shekaru sun shuɗe a haka. An sake auna shi a Kano, likita ya ce ƙashin ya ɗan ƙara ƙarfi, ba mai yawa ba, amma bai ci gaba da rarakewa ba. Alhaji ya ce wannan magana ce ta inji, shi dai bai ji komai ba.

A daminar da ta wuce, ranar kasuwa, wani bijimi ya fizge igiya daga hannun mai shi. Alhaji na tsaye a gefe yana sasanta ciniki, igiyar ta harɗe masa ƙafa, ya tafi gaba ɗaya ya faɗi a kan ƙugunsa. Waɗanda suke wurin sun ce kara ta yi tsit, domin kowa ya san larurarsa. Aka taso za a ɗaga shi, ya ce kada wanda ya taɓa shi. Ya motsa ƙafa ɗaya, ya motsa ɗayar. Ya dafa ƙasa ya tashi. Aka matsa masa ya je asibiti, hoto ya nuna babu karaya, sai ƙujewa da tsamin jiki.

Daga asibitin nan ya biyo ta shagona, rigarsa duk taɓo, yana ɗingishi. Ya ce in ba shi man zafi. Ina naɗe masa yana mita, wai shekara nawa yana shan maganin matan nan, yau ga shi ya faɗi, jikinsa ciwo yake kamar na kowa, bai ga abin da ya tsinana masa ba.

Kada ku ce na ce maganin ne ya tsare shi. Ban sani ba. Wataƙila taɓon ne ya yi laushi, wataƙila yadda ya faɗi ne, kuma Allah ne mai tsarewa. Akwai masu shan sa su karye, akwai waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba su mutu da ƙashinsu lafiya. A sana'ar nan ba a ba ka wannan amsar. Don haka na miƙa masa man zafinsa kawai.

Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, bai waiwayo ba. Ya ce, "Jibi Juma'a, kuma nawa ya ƙare."

Na sauko da kwalin na kai masa har ƙofa. Na tsaya ina kallonsa yana tsallaka kwata da ƙafarsa, babu mai riƙe da shi. Rigar da ke jikinsa tana cikin waɗanda tela ya rage masa tun wancan lokaci, ba a sake taɓa ta ba. Na duba bakinta. Ta ɓaci da taɓo har gwiwa, amma ba ta jan ƙasa.